Fitilu Huɗu a Kan Motar Yaya

A danginmu idan aka ce Na-Sani, ba wanda ke tambayar wanne, don Allah bai yi mana biyu ba, kuma mun gode. Shi ne autan gwaggo, direban babbar motar siminti, mutumin da tun haihuwarsa ba a taɓa gaya masa abin da bai riga ya sani ba. Manya sun ce yana rarrafe uwarsa ta ce masa murhun nan da zafi, ya ɗago kai ya ce "na sani", sannan ya kai hannu. Tabon yana nan a tafinsa na hagu har gobe. In ka nuna masa sai ya ce ai da gangan ya yi, so yake ya tabbatar.

Yanzu ya ba hamsin baya. Furfura ta gama da gemu ta hau kai, tumbi kuwa ya yi gaba abinsa, har kowace rigarsa tana da baƙin layi daidai cibiya, wurin da sitiyari ke goga. Shekara ashirin da biyu ke nan yana jan mota ɗaya, tsohuwa mai dogon hanci, irin wadda injinta ke gaba, sai direba ya leƙa ta saman bonet kafin ya ga hanya. Motar ba tasa ba ce. Ta yayarsa ce, wadda kowa ke kira Yaya, har 'ya'yan da ta haifa. Mijinta da zai rasu ya bar mata abu uku: siton siminti, da mota, da Na-Sani a cikin motar. Takan ce a cikin ukun siton ne kaɗai bai taɓa yi mata gardama ba.

Yaya ba ta kiransa Na-Sani. Auta take ce masa, a gaban leburori, a gaban 'ya'yansa, a gaban mai shayin bakin sito. Ita ta goya shi, ita ta share masa majina, saboda haka furfurarsa ba ta gabanta. Shi kuma duk bakin nan nasa, in ta ce "Auta" da wata irin murya, sai ka ga ƙato yana gyara hula.

Aikinsa bai taɓa sauyawa ba. Da safe ya tafi ma'aikatar siminti, ya bi layi, a yi masa lodi, ya kamo hanya. In ya iso da yamma ya shigar da motar cikin sito da baya, ta kwana da kayanta. Gari ya waye leburori su sauke, ya fito, ya sake komawa. Tsakanin nan kuwa goge-goge ne. Yana da tsumman gilashi daban, na madubi daban, kuma tawul ɗin da matarsa ta saya masa don wanka bai taɓa ganin jikinsa ba, a kan bonet ya ƙare. Makullin yana rataye da igiya a wuyansa. Ranar da mota ke gareji gida ba ya zaunuwa: ya sake wa matarsa jerin tukwane, ya kwance rediyon da ke aiki lafiya ƙalau, ya tsaya yana koya wa kaji yadda ake shiga akurki. Har matar takan aika wa makaniki cewa ya yi wa Allah ya gama da wuri. In aka raba Na-Sani da motar nan, abin da zai saura tumbi ne da hula.

To, wajen shekara guda ke nan wani abu ya soma damunsa wanda bai gaya wa kowa ba. Da rana yana gani garau, ko kuwa kusan garau. Amma da zarar rana ta yi ja, magariba ta kawo kai, sai hanya ta zame masa kamar an barbaɗe ta da toka. Gefen kwalta ya ɓace, rami da inuwa su zama abu ɗaya, fitilar mota mai tahowa ta tarwatse masa a ido ta zama uku. A wurinsa laifin ba na ido ba ne. Fitilun motar ne suka tsufa. Direbobin yanzu ne ba su da tarbiyya. Masu rubuta allon hanya ne suka rage girman baƙaƙe don tsabar ƙeta.

Asiri ya fara tonuwa ranar da ya sauko daga mota da yamma ya tsaya ya gaida durom ɗin ruwa da ke ƙofar sito, har da tambayar iyali, yana zaton mai gadi ne. Da durom bai amsa ba ya ce mutanen yanzu girman kai ya yi musu yawa. Bayan sati biyu ya ture baron mai kankana a kwanar kasuwa. Ba wanda ya ji ciwo, amma awakin unguwar sun yi kwana uku ba su kalli dusa ba. Na ukun ne ya kai magana gaban Yaya: ya zo shiga harabar sito ya kwashe ginshiƙin ƙofa, ginshiƙin da ya shekara ashirin da biyu yana wucewa. Ya sauko, ya zagaya shi, ya rantse cewa wani ne ya matso da shi.

Yaya tana zaune a kujerarta ta roba da kofin shayi a hannu. Ba ta ɗaga murya ba.

"Auta, saurare ni da kunne biyu. Ka ƙara taɓa wani abu da motar nan, ko da tsinke ne, makullin nan ya bar wuyanka. Mijin 'yata yana nan yana jira."

Ya buɗe baki zai ce na sani, ta ɗaga yatsa ɗaya, ya haɗiye.

Shi surukin nan na Yaya, dogo ne siriri, mai sabon lasin da ya sa aka lulluɓe masa da roba kada ya jiƙe. Ya daɗe yana zagaya motar yana buga tayoyinta da ƙafa. Ladabi gare shi, kuma ladabin ne ya fi ba Na-Sani haushi. Kullum da safe sai ya rusuna ya ce, "Kawu, ya gajiya?" Na-Sani kuwa abin da kunnensa ke ji shi ne: har yanzu ba ka gaji ba?

A gida matarsa ta bari ya ci ya ƙoshi, sannan ta lallaɓa ta ce ta ji akwai likitan ido kusa da tasha, kuma dubawar ba ta cin lokaci. Ya ajiye cokali. Ya tambaye ta ko idon da ke hango ƙusa a kan kwalta tun daga nesa take nufi, idon da ya ci da gidan nan shekara da shekaru. Ya yi ta faɗa yana nuna ta da yatsa. Ta bar shi ya kai aya, sannan ta ce ta ji, amma wanda yake nunawa labule ne, ita tana ta wannan gefen.

Washegari ya yanke shawara. Tunda duhu ne ya yi yawa, to haske za a ƙara. Ya shiga kasuwar kayan mota ya fito da fitilu huɗu zagayayyu, kowace ta kai girman faranti. Da matarsa ta shiga falo ta tarar da su jere a kan kujera mai taushi, an lulluɓe su da sabon zanenta.

Saura tambaya ɗaya: ina za a ɗaura su? Nan fa kowa ya zama gwani. Mai shayi ya ce a jikin madubai, biyu nan biyu can, kamar 'yan kunne. Leburori suka rabu gida biyu har aka kusa dambe. Surukin Yaya ya ce cikin ladabi shi a ganinsa a ƙasa ya fi, wanda hakan ya isa ya sa Na-Sani ya tsani ƙasa har abada.

Daga ƙarshe ya kai motar wurin Mai Waya, tsohon da ke gyaran wutar mota a bayan tasha. Ɗan tsurut ne, kullum da alli a bayan kunne, kuma magana ba ta fita bakinsa sai da dalili. Ya zagaya motar sau ɗaya, ya ɗauki fitila ya juya ta, ya ajiye.

"Me kake son gani wanda ba ka gani yanzu?"

"Komai ina gani. Ƙari nake so."

Mai Waya ya dube shi, ya daɗe yana dubansa, sannan ya ciro alli ya tsuguna ya zana motar a ƙasa. Ya ce wuri uku ne. In aka sa su ƙasa a jikin bamba, ƙarfen nan na gaban mota, haske zai kwanta a kan hanya, rami ya fito da inuwarsa, gefen kwalta ya bayyana, in ana ruwa kuma hasken ba zai dawo ido ba. Illarsu kawai laka da tsakuwa, sai an riƙa gogewa. In aka sa su a jikin madubai za su nuna kwana, amma reshen farko da ya leƙo hanya zai tafi da su. In kuwa aka ɗora su a saman kai, za su jefa haske nesa, gaskiya ne, sai dai wannan mota mai dogon hanci ce, rabin hasken a kan bonet zai faɗi ya dawo fuskar direba. Ya buga zanen bamba da alli sau biyu. Ya ce biyu ma sun isa.

Na-Sani ya saurara da hannu a tumbi, amma tun a gida ya riga ya gama. Ya sha ganin manyan motoci masu dogon zango da fitilu jere a ka, suna tafe kamar gari guda. Haka yake so Yaya ta hango shi, haka yake so surukin nan ya hango shi. Ya ce bai sayi fitilu masu kyan nan don ya sa su a ƙasa kamar takalmi ba, kowace kududdufi tana tofa musu. Duka huɗun sama.

Mai Waya ya mayar da alli bayan kunne. Ya ce to abu biyu. Na ɗaya, kada a saita su sai da kaya a bayan mota. Na biyu, ƙofar siton nan...

"Na sani. Zan auna."

"In za ka auna..."

"Malam, ƙofar nan ni da ita mun girmi 'ya'yanka. Na ce na sani."

Tsohon ya jawo kayan aikinsa. Mai walda da ke maƙwabtaka da shi, wanda a rayuwarsa bai taɓa ce wa mai mota a'a ba, ko da jirgi ka ce ya liƙa maka a kai, ya gicciya ƙarfe a saman kan motar, ya jera fitilun huɗu. Mai Waya ya ja waya, ya sa fis, ya sa makunni kusa da sitiyari, ya ce a dawo masa da motar in an yi lodi. Amma Na-Sani ina zai iya jira? Ya shigar da ita rumfar mai walda, aka ja ƙyaure aka yi duhu, ya hau sama da sifana ya saita su da kansa a jikin bango, bayan mota kuwa fayau, ko buhu ɗaya babu. Haske ya faɗi daidai inda yake so. Ya sauko yana haki ya ce da mai walda wasu mutane tsufa ne kawai ke sa su ƙara wa aiki wuya.

A ranar nan layin lodi ya yi tsawo, bai kamo hanya ba sai da rana ta sunkuya. Da farko ma ya ji daɗin hakan. Ya jira har toka ta fara rufe masa hanya, ya gyara zama, ya yi bisimilla, ya danna makunni.

Abin da ya manta shi ne, mota in ta ɗauki siminti bayanta zama yake yi, hancinta ya ɗaga. Haske ya tashi sama bai ko gaida kwalta ba. Ya shiga kan itatuwa, tsuntsayen da suka riga suka kwanta suka watse suna zaton gari ya waye. Wata mata a bene hawa na uku tana kwashe shanya ta kare fuska da rigar mijinta ta aiko masa da maganar da ba ta rubutuwa. Abin da ya rage na hasken kuwa ya sauka a kan bonet, bonet ɗin da ya sha tawul shekara da shekaru har yana ɗaukar ido, ya dawo ya cika masa gilashi fari fat. Sai kuma ga yayyafi. Kowane ɗigo ya kama haske, gabansa ya zama kamar ana zuba farin zare. Motoci masu tahowa suka dinga danna masa oda suna zagi.

Ya kashe. Ya koma kan tsofaffin fitilunsa, ya manna hanci a gilashi, ya riƙe sitiyari da hannu biyu har da tumbi. Mai keke ya wuce shi. Wata tsohuwa da tulu a ka ta jera da shi na ɗan lokaci, ta gaji da jira, ita ma ta wuce. A ransa kuwa abu ɗaya yake maimaitawa: ko tsinke, ko tsinke. Gumi ya jiƙa igiyar makullin.

Sai da ya hango kwanar sito, hanyar da ƙafarsa ta haddace, sannan ya sake kunnawa don a gani. Aka kuwa gani. Haske ya hau rufin sito ya zauna. Yaya ta ɗaga kai daga kujerarta ta ce madalla, ashe can takalmin mai gadi ya shige tun bara.

Na-Sani bai kula ba, don yanzu ne zai nuna aiki. Ƙofar siton tana da wani ƙaton ƙarfe gicciye a samanta, wanda ke riƙe da bango. Ya juya motar ya kawo ta daidai bakin ƙofa, ya ja burki, ya sauko, ya sa aka kawo tsani, ya kira suruki ya riƙe masa. Ya hau a hankali, ya sa hannu tsakanin kan fitila da ƙarfen. Yatsa huɗu cif. Ya ɗaga yatsun sama don kowa ya shaida.

"Ka gani, ɗana? Direba ba ya shiga ƙofa da ka. Aunawa yake yi. Koyi aiki."

Suruki ya ce to, Kawu. Motar ta shige da baya sumul, ko ƙura ba ta taɓa ba. Na-Sani ya tafi gida yana tafiya irin ta wanda ya ci zaɓe.

Da safe leburori suka sauke siminti buhu bayan buhu, shi kuma yana bakin mai shayi yana ba da labarin yadda jiya ya hango zomo a nisan da sai an yi tafiyar rabin sa'a. Duk wanda ya taɓa aiki da babbar mota ya san in ta ɗauki kaya durƙusawa take yi, in an sauke ta miƙe, don sifirin ɗinta ya huta. Shi ma ya sani, wannan karon da gaske. Sai dai shekara ashirin da biyu kan motar nan ƙwal yake, tsakaninsa da ƙarfen ƙofa akwai fili, ko ta durƙusa ko ta miƙe ba ruwan kowa. Saboda haka bai taɓa sa abin a ransa ba. Ƙofar da ya auna jiya a gaban shaidu, wane mahaukaci ne zai sake auna ta yau?

Ya shanye shayi, ya hau, ya tayar, ya leƙo ta taga ya ɗaga wa Yaya hannu, ya ba ta wuta.

Ƙarar da aka ji, mai shayi ya rantse har a kasuwa an ji ta. Ƙarfen mai walda ya lanƙwashe baya kamar hular da iska ta ɗaga. Fitila biyu suka zama gari a kan bonet. Ɗaya ta rataye da wayarta tana lilo a gefen taga, daidai kunnen direba. Ta huɗun ta faɗo lafiya lau, ta gangara a kan gefenta, ta ratsa tsakanin leburori, ta zo ta kwanta a gaban ƙafar Yaya. Fitilu huɗu, ko kwana ɗaya cikakke ba su yi a bakin aiki ba, kuma da hasken rana suka mutu.

Daidai lokacin Mai Waya ya shigo harabar a kan kekensa. Tun jiya yake jiran a kawo masa mota da kaya, da bai gani ba ya biyo sahu da sifanarsa. Ya kafe keke, ya dubi ƙarfen ƙofa, ya dubi kan mota, ya ƙarasa maganar da aka katse masa jiya.

"In za ka auna, ka auna ba kaya."

Ba wanda ya yi dariya, kodayake cikin leburori akwai wanda ya cusa hula a baki. Na-Sani ya sauko a hankali. Bai ce wani ya matso da ƙofa ba. Bai ce mai walda ne ba. Ya tsaya gaban yayarsa, ya cire hula, ya zaro igiyar daga wuyansa ta saman kai, ya ɗora mata makullin a tafin hannu. Wurin da igiyar ta zauna ya yi fari a wuyansa.

Yaya ta dubi makullin, ta dube shi. Ta tashi ta ce kowa ya tsaya a waje, Auta ya biyo ta. Ta bi ta gefen motar ta shige can ƙuryar sito, bayan tsibin buhuna, inda ko da rana duhu-duhu ne kamar magariba. Ta bar shi a tsakiya, ta ƙara taku goma, ta juyo ta ɗaga hannu.

"Mene ne a hannuna?"

Ya ƙanƙance ido. "Makulli."

"Cokalin shayi ne. Makullin yana aljihuna."

Can ya zauna a kan buhu, ya dafe gwiwoyi.

"Yaya, ba na gani. In rana ta yi sanyi ba na gani. Ya kai shekara." Ya goge fuska da hula. "In kin karɓe motar nan, ban san me zan zama ba."

Ta zo ta zauna kusa da shi, siminti ya ɓata mata zane ba ta damu ba. Ta ce ta sani tun ranar durom, kuma matarsa ta zo mata har sau biyu. Ta ce ba ginshiƙi ne ke hana ta barci ba, ginshiƙi ana sake gina shi. Abin da take tsoro shi ne ranar da zai zama ba kankana ce a gaban motar ba, ɗan mutum ne. Ta ce ta goya shi yana da kilo uku, ba za ta je ta ɗauko shi a bakin hanya yana da ɗari ba. Makulli zai zauna a wurinta. Ranar da ya zo mata da takardar likita da abin da likita ya ce a sa, su yi magana. Kafin nan suruki zai ja motar.

Na-Sani ya so ya yi taurin kai. Ya yi niyyar zama gida ya jira ranar da yaron nan zai jefa mota a rami, a zo ana ba shi haƙuri. Da ya kasa zama, sai ya bi motar a kujerar gefe don ya ga ɓarnar da idonsa. Nan ya gamu da abin da ya fi karyewar fitilu ciwo: ashe surukin ya iya tuƙi. Giyarsa ba ta ƙara, kwanarsa ba ta gyara, ramukan ma kamar sun san shi. Har ya matsar da kujerar direba baya don dogayen ƙafafunsa, kuma kowane rabin sa'a sai ya juyo ya ce, "Kawu, ya gajiya?" Kwana biyu Na-Sani ya iya ɗauka. A na uku, kafin likitan ido ya buɗe ƙofa ya tarar da shi zaune a kan dakali, matarsa na gefe tana riƙe da hannun rigarsa kada ya gudu.

An ce da likita ya nuna masa allon baƙaƙe ya ce ya karanta layi na uku, ya ce ai wannan ya san shi tun yana makaranta. Likita ya ce to faɗi. Ya ce ai an rage girman baƙaƙen.

Bayan sati ya fito da tabarau mai kauri. Abu na farko da ya gani shi ne motar da yake rantsuwa shuɗiya ce har yanzu, ashe tsatsa ta yi mata zane tun daga ƙofa har wutsiya. Ya zagaya ta yana salati. Na biyu, ya dubi Yaya ya daɗe, ya ce yaushe ta tsufa haka ba ta gaya masa ba. Ta ce ya matso ta nuna masa tsufa. Ta karanta takardar likita sau biyu, ta sake kai shi ƙuryar sito ta ɗaga hannu. Ya ce yatsa uku, kuma zoben na tsakiya ba nata ba ne, na 'yarta ne. Ta ciro makullin ta rataya masa da hannunta. Ta ce in layi ya yi tsawo har magariba za ta kama shi a hanya, suruki zai bi shi su riƙa karɓa. Ya buɗe baki, ta ɗaga yatsa, ya rufe.

Fitilu biyun da suka tsira, mai lilo da wadda ta kai kanta gaban Yaya, su Mai Waya ya ɗaura a ƙasa jikin bamba. Aka yi lodi tukuna, aka tsayar da mota taku ashirin daga bango, tsohon ya ja layi da alli, ya sauke hasken har ya kwanta ƙasa da layin. Na-Sani yana tsaye da tabarau a hanci, hannu a baya, bai ce uffan ba har aka ɗaure noti na ƙarshe. Mai Waya ya ce tun da yake aiki bai taɓa jin motar nan ta yi shiru haka ba.

Shirun bai wuce ranar ba. Yau in ka je bakin mai shayi za ka tarar da shi yana koya wa ƙananan direbobi cewa fitila a ƙasa ake sa ta, kuma ba a saita ta sai da kaya, wannan abu ne da shi ya sani tun kafin a haife su. Tabarau kuwa, in ka tambaya, don ƙurar siminti yake sawa. Yana da tsumma na musamman dominsa. Kan motar ya koma ƙwal kamar da, tsakaninsa da ƙarfen ƙofa fili ne har tantabara na iya wucewa, amma duk safiya, bayan an sauke buhu na ƙarshe, sai ya sa an kawo tsani. Suruki ya riƙe, shi kuma ya hau da tumbinsa ya auna.